Daidaita Ƙofofin Na'urar Mararraba Bisa Tsarin Bishiya

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taso daga Damari ta ƙaramar hukumar Sabuwa, ko daga Faskari ko Ƙanƙara, da niyyar shiga jami'a, ba makawa wata rana zai yi sammako ya nufi wani babban gari kamar Funtuwa ko Katsina, ya zauna gaban kwamfuta don rubuta jarrabawar hukumar JAMB. Hukumar ta soma gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, daga 2015 kuwa ta ajiye ta takarda gaba ɗaya. Tambayoyi 180 ake ba ɗalibi ya amsa cikin awa 2, watau kowace tambaya rabonta sakan 40 ke nan.

Abin da ɗalibin ba ya kula da shi shi ne wayoyin da suka bi ƙarƙashin tebura suka tattaru a wasu 'yan akwatuna masu ƙyaftawar fitilu a kusurwar ɗaki. Ta cikin waɗannan akwatuna tambaya ke zuwa masa, ta cikinsu kuma amsarsa ke komawa. Ranar da suka rikice kuwa allon kowa zai tsaya cik, kuɗin mota da karatun shekara guda su shiga halin ƙila-wa-ƙala.

Mutanen wannan yanki sun san zafin yankewar sadarwa, domin a watan Satumba na 2021 an rufe layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, cikinsu har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. Waccan yankewa rashin hanya ne ya kawo ta. Wadda za mu duba a nan kuwa yawan hanyoyi ne ke haddasa ta, a cikin ɗaki guda, alhali kowace waya tana nan lafiya lau.

Manufar wannan maƙala iri biyu ce. Ta farko ita ce bayyana yadda ake daidaita ƙofofin waɗannan akwatuna bisa tsarin da aka fi sani da taƙaitaccen sunansa STP, wanda za mu kira tsarin bishiya. Ta biyu kuwa ita ce gwada ko Hausa za ta ɗauki wannan fanni da kalmominta. Saboda haka kalmomin fannu da aka yi amfani da su a nan shawara ce ake gabatarwa ga malamai da 'yan'uwa ɗalibai, ƙofar gyara kuma a buɗe take.

2.0 Mararraba da aikinta

Akwatin da muka ambata masu sana'ar haɗa kwamfutoci kan kira shi suwic. Mu a nan mararraba za mu ce, domin aikinta ke nan: saƙo ya shigo ta wata hanya, ta nuna masa wadda zai bi ya fita. A gabanta akwai ramukan da ake soka waya, galibi 24 ko 48, su ne ƙofofi. Ɗakin da ke da kwamfuta 250 ashe yana bukatar mararraba 6 aƙalla idan masu ƙofa 48 ne, sannan dole a haɗa su da juna, a kuma haɗa su da uwar garke, watau babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyi.

Kowace na'ura tana fitowa daga masana'anta da lambar shaida tata ta kanta, wadda ake kira adireshin MAC. Saƙo kan yi tafiya ne a ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin mai aikawa da na wanda aka aika wa. Idan ƙunshi ya shigo, sai mararraba ta dubi adireshin mai aikawa ta rubuta a jadawalinta cewa wane yana bayan ƙofa kaza. Da haka take koyon mazaunin kowa. Idan kuwa ba ta san inda mai karɓa yake ba, ko kuma saƙon na kowa da kowa ne, sai ta fitar da kwafinsa ta dukkan ƙofofi ban da wadda ya shigo ta cikinta. Wannan shi za mu kira shela, don ya yi kama da aikin sanƙira a kasuwa. Shela ba aibu ba ce, da ita kwamfuta ke neman adireshi idan an kunna ta, da ita kuma take cigiyar maƙwabtanta.

3.0 Matsalar zobe

Mai hankali ba ya dogara da waya ɗaya tak tsakanin mararraba biyu, don ɓera na iya cinye ta, ƙafar kujera na iya datse ta. Saboda haka akan ja waya ta biyu, ko a haɗa mararraba uku kowace da 'yan'uwanta biyu, yadda in hanya ɗaya ta mutu wata za ta ɗauka. To amma da zarar an yi haka an ƙulla zobe, watau hanyar da saƙo zai bi ya zagayo inda ya taso.

Mu ɗauka mararraba uku ne a zobe, sai wata kwamfuta ta yi shela. Ta farko za ta aika wa ta biyu da ta uku. Ta biyu ta miƙa wa ta uku, ta uku ta miƙa wa ta biyu, kowaccensu kuma ta sake mayar wa ta farko, ita kuwa ta karɓa tamkar sabon labari ta sake bazawa. A intanet kowane ƙunshi yana da lambar da ke raguwa a kowane zango har ta ƙare a jefar da shi. Ƙunshin sadarwar cikin gida irin ta Ethernet ba shi da wannan lamba, don haka ba ya tsufa, ba ya mutuwa. Kowace sabuwar shela tana ƙaruwa ne a kan waɗanda ke zagaye tun da farko, in kuma zoben ya fi ɗaya sai kwafin ya riƙa ninkuwa. Cikin 'yan sakan wayoyi sun cika maƙil. Wannan ita ce guguwar shela.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Da yake ƙunshi ɗaya yana shigowa yanzu ta wannan ƙofa, an jima ta waccan, sai jadawalin mararraba ya birkice, ta kasa sanin inda kowa yake. Alamar da mai kula da ɗaki zai gani ita ce fitilun ƙofofi duka suna ƙyaftawa da sauri a lokaci guda, kwamfutoci kuwa ba mai motsi. Ga tsaka mai wuya ke nan: in ba a ja wayar ajiya ba ana cikin haɗari, in an ja kuma an gayyato guguwa.

4.0 Bishiya a matsayin magani

Wadda ta warware wannan ƙulli ita ce Radia Perlman, wata masaniyar lissafi da kwamfuta 'yar Amurka, a 1985, lokacin tana aiki da kamfanin DEC. Har waƙa ta rubuta mai suna Algorhyme don taƙaita dabarar. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta mayar da tsarin ƙa'ida a 1990 da lamba 802.1D. A 2001 aka fito da sabon salo mai sauri, RSTP, mai lamba 802.1w, a 2002 kuma aka ƙaro MSTP, mai lamba 802.1s, wanda ke ba da damar dasa bishiya fiye da ɗaya a kan wayoyi guda.

Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne ga irin wannan bishiya. A darasin ginin jumla mun saba zana bishiyar li'irabi: jumla a sama, ta rabu zuwa yankin suna da yankin bayani, kowane yanki ya sake rassa har a iso ga kalmomi. Abin lura shi ne kowace kalma hanya ɗaya tak gare ta zuwa ga jumla, kuma ba reshen da ke lanƙwasowa ya haɗe da ɗan'uwansa. Haka masana lissafi ke nufi da bishiya tun daga aikin Arthur Cayley na 1857: tsari ne da ya game kowa amma babu zobe a cikinsa. Ƙa'idarsa kuwa mai sauƙi ce, adadin rassa kullum yana gaza adadin gaɓoɓi da ɗaya. Mararraba 5 waya 4 suke bukata su haɗu, duk abin da ya haura haka rara ne.

Dabarar Perlman ita ce a bar wayoyin rara a soke yadda suke, amma mararrabun su yi shawara a junansu su toshe wasu ƙofofi da gangan har abin da ya rage ya zama bishiya. In wani reshe ya karye sai a buɗe ɗaya daga cikin toshassun. Shawarar kuwa ana yin ta ne da wata 'yar wasiƙa da ake kira BPDU, wadda ke fita kowane sakan 2, ɗauke da sunan shugaba da nisan mai aikawa daga gare shi.

5.0 Matakan zaɓe

Mataki na farko shi ne zaɓen tushe, watau mararrabar da bishiya za ta tsiro daga gare ta. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Kowace mararraba tana da lambar fifiko, daga 0 zuwa 61440, ana hawa da 4096 a kowane taki, kuma mai ƙaramar lamba ita ke ci. Daga masana'anta duk da 32768 suke fitowa, don haka in ba wanda ya taɓa su sai a yi kunnen doki, a koma ga adireshin MAC, mai mafi ƙanƙanta ta hau. Sau da yawa wannan kan faɗa ne a kan tsohuwar na'ura maras ƙarfi da aka jefa a wani lungu, sai a wayi gari dukkan zirga-zirga ta kanta take bi. Wajibi ne mai kula ya naɗa tushe da hannunsa, ya kuma naɗa mata mataimakiya.

Mataki na biyu, kowace mararraba da ba tushe ba takan zaɓi ƙofa ɗaya mafi arhar hanya zuwa tushe, ita ce ƙofar tushe. Mataki na uku, a kan kowace waya akan zaɓi ƙofa ɗaya daga cikin biyun da ke bakinta ta zama wakiliya, watau ta ɓangaren da ya fi kusa da tushe. Duk ƙofar da ba ta samu ɗayan muƙaman nan biyu ba sai a toshe ta ta zama ƙofar ko-ta-kwana. Ba ta wuce da saƙon kowa, amma kunnenta na buɗe tana sauraron wasiƙu.

A tsohon salo ƙofa ba ta buɗewa kai tsaye. Takan yi sakan 15 tana sauraro, ta ƙara sakan 15 tana koyon adireshi, sannan ta fara aiki. In kuma labarin karyewar reshe bai zo mata kai tsaye ba, sai ta jira sakan 20 tukuna kafin ta yarda cewa tsohon labari ya mutu. Jimla sakan 30 zuwa 50 ke nan, wanda ya kusa kaiwa ko ya zarce rabon tambaya guda a ɗakin jarrabawa. Salon RSTP ya rage wannan jira ƙwarai, domin maƙwabta biyu kan yi musafaha kai tsaye su buɗe ƙofa nan take, kuma in wasiƙa uku a jere ba su iso ba, watau sakan 6, an ɗauka maƙwabci ya faɗi.

6.0 Misali

Don sauƙin fahimta bari mu ƙaddara ɗakin jarrabawa mai mararraba 5, mu raɗa musu sunayen garuruwanmu: Funtuwa, Sabuwa, Faskari, Ƙanƙara da Damari. Sunaye ne kawai na na'urori, ba taswirar hanyoyin mota ake nufi ba. Uwar garke tana jikin Funtuwa, don haka muka ba Funtuwa fifiko 4096 ta zama tushe, muka ba Sabuwa 8192 ta zama mataimakiya, sauran muka bar su a 32768.

Wayoyi 7 muka ja. Ɗaya daga Funtuwa zuwa Sabuwa, ɗaya daga Funtuwa zuwa Faskari, ɗaya tsakanin Sabuwa da Faskari, ɗaya daga Sabuwa zuwa Damari, sai biyu kafaɗa da kafaɗa daga Funtuwa zuwa Ƙanƙara. Waɗannan shida duk masu gudun gigabit 1 ne. Ta bakwai, daga Faskari zuwa Damari, mai gudun megabit 100 ce. Tun da waya 4 bishiya ke bukata, mun san tun yanzu ƙofa 3 za a toshe. Tambayar ita ce waɗanne.

7.0 Abubuwan da ake daidaitawa a ƙofa

7.1 Tsadar hanya

Kowace ƙofa tana da lambar da ke nuna tsadar bin ta, kuma gwargwadon saurin waya gwargwadon arharta. Ma'auni biyu ake da su. A tsohon ma'auni, wanda ake kira gajere, megabit 10 tsadarta 100, megabit 100 tsadarta 19, gigabit 1 tsadarta 4, gigabit 10 tsadarta 2. Da wayoyi suka ƙara sauri lambobin suka kusa ƙarewa, sai aka kawo dogon ma'auni: megabit 10 ta zama 2,000,000, megabit 100 ta zama 200,000, gigabit 1 ta zama 20,000, gigabit 10 ta zama 2,000.

Mu yi lissafi da dogon. Sabuwa da Faskari kowacce tana isa Funtuwa kai tsaye da 20,000, don haka ƙofofinsu na tushe sun bayyana. Damari hanya biyu gare ta: ta Sabuwa 20,000 da 20,000, watau 40,000, ta Faskari kuwa 200,000 da 20,000, watau 220,000. Sai ta zaɓi ta Sabuwa, ƙofarta mai duban Faskari ta zama ta ko-ta-kwana. Toshewa ta farko ke nan. A wayar da ke tsakanin Sabuwa da Faskari an yi kunnen doki, don kowacce nisanta 20,000 ne, sai a dubi fifikon mararraba. Sabuwa mai 8192 ta ci, ƙofar Faskari ta toshe. Ta biyu ke nan.

In wayar Funtuwa da Sabuwa ta yanke, Faskari za ta buɗe toshasshiyar ƙofarta, Sabuwa ta bi ta nan da tsadar 40,000. Damari kuwa za ta ci gaba da bin Sabuwa duk da zango ya zama uku, domin 60,000 har yanzu ta fi 220,000 arha. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Mai kula yana da ikon canza tsadar ƙofa da hannu, a na'urorin Cisco da umarnin spanning-tree cost, in yana so ya karkata zirga-zirga. Sai dai ya riƙe abu biyu. Na ɗaya, tsada ana ƙara ta ne a ƙofar da wasiƙa ta shigo, don haka in ana so Damari ta sauya hanya, a ƙofar Damari za a yi gyara. Na biyu, kada a gauraya ma'auni. In wata mararraba tana ƙirga gigabit da 4, maƙwabciyarta tana ƙirga shi da 20,000, lissafi ya lalace, kamar mai awo da tiya ne da mai awo da gwangwani suna musun farashi.

7.2 Fifikon ƙofa

Saura Ƙanƙara mai waya biyu zuwa Funtuwa. Tsadarsu ɗaya, mararrabar da ke ɗaya bakin ma ɗaya ce. A nan ne fifikon ƙofa ke shigowa. Lamba ce daga 0 zuwa 240, ana hawa da 16, asalinta 128, kuma ƙarama ke ci. In ita ma an yi kunnen doki sai a bi lambar ƙofa, ta 1 ta riga ta 2. Ƙofar Ƙanƙara da ta sha kaye ita ce toshewa ta uku.

A nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe. Fifikon da Ƙanƙara ke dubawa shi ne wanda ke rubuce cikin wasiƙar da ta zo mata, watau na ƙofar Funtuwa. Wanda ya je jikin Ƙanƙara ya yi ta sauya fifiko ba zai ga canji ba. In ana so waya ta biyu ta zama mai aiki, sai a je Funtuwa a mayar da fifikon ƙofarta 64 da umarnin spanning-tree port-priority. Ƙa'idar a taƙaice: tsada a wurin mai karɓa, fifiko a wurin mai aikawa.

7.3 Ƙofar gefe

Mafi yawan ƙofofin ɗakin jarrabawa ba mararraba ke bayansu ba, kwamfutar ɗalibi ce, wadda ba ta ƙulla zobe. Sa irin wannan ƙofa jiran sakan 30 asara ce, har ma kwamfuta kan gaji da neman adireshi ta haƙura kafin ƙofar ta buɗe. Akwai kuma wata illar. A tsohon salo buɗewar ƙofa irin wannan kan sa a sanar da dukkan mararrabu cewa bishiya ta sauya, su kuwa su rage wa'adin jadawalinsu daga sakan 300 zuwa 15, abin da ke jawo ƙarin shela. Mai karatu ya ƙiyasta abin da zai faru in an ɗauke wuta, aka tayar da janareta, kwamfutoci suka riƙa tashi bi da bi.

Maganin shi ne a ayyana irin waɗannan a matsayin ƙofofin gefe, abin da Cisco ke kira PortFast. Ƙofar gefe tana buɗewa nan take, kuma buɗewarta ko rufewarta ba ta tayar da hankalin kowa. Amma haramun ne a sa wannan alama a ƙofar da ke haɗa mararraba biyu, domin za ta buɗe kafin a gama shawara, guguwa kuwa ba ta bukatar lokaci mai tsawo.

7.4 Nau'in haɗi

Musafahar gaggawa ta RSTP tana yiwuwa ne kawai a wayar da na'ura biyu rak ke bakinta. Mararraba kan gane haka ne in ƙofa tana aikawa tana karɓa a lokaci guda. In kuwa ta ga ƙofar tana yin ɗaya bayan ɗaya, sai ta ɗauka hanyar tarayya ce, ta koma tsohon jira. Lalatacciyar waya ko saɓanin daidaitawa a bakin biyu kan jefa ƙofa cikin wannan hali ba da sanin kowa ba. Ya kamata a duba kowace ƙofa da ke tsakanin mararrabu a tabbatar an san ta a matsayin haɗin biyu rak.

7.5 Masu gadi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa galibi a ƙofar gefe take. Wani ma'aikaci zai ga waya tana reto ya soka bakinta a ramin da ke kusa don gyara wuri, bai san ɗaya bakin yana jikin mararrabar ba. Wani kuma zai kawo 'yar ƙaramar mararraba mai arha daga kasuwa don ƙara kwamfuta biyu, alhali yawancin irinsu ba su san tsarin bishiya ba sam. Saboda haka aka tanadi masu gadi iri uku.

Na farko shi ne mai gadin wasiƙa, BPDU Guard, wanda ake sa wa ƙofofin gefe. Kwamfuta ba ta aika wasiƙar BPDU, don haka in wasiƙa ta shigo ta nan an san akwai abin da ba daidai ba, sai a rufe ƙofar gaba ɗaya. Gara ɗalibi ɗaya ya koma kwamfutar ajiya da a ce ɗaki duka ya tsaya.

Na biyu shi ne mai gadin tushe, Root Guard, wanda ake sa wa ƙofofin da ba a sa ran shugabanci ya fito ta wajensu, kamar ƙofofin Funtuwa masu duban Ƙanƙara. In wata baƙuwar mararraba mai fifiko 0 ta ɓullo ta can tana neman sarauta, sai a toshe ƙofar har ta daina, sannan ta buɗe da kanta.

Na uku shi ne mai gadin zobe, Loop Guard, na ƙofofin tushe da na ko-ta-kwana. Wani lokaci waya, musamman ta zaren gilashi, kan mutu ta fuska ɗaya ta bar ɗayar. Toshasshiyar ƙofa sai ta daina jin wasiƙa, ta zaci maƙwabci ya tafi, ta buɗe, zobe ya ƙullu. Wannan mai gadi yakan hana ta ɗaukar shiru a matsayin izini.

Akwai kuma wani abu mai kama da mai gadi da ya kamata a yi hattara da shi, shi ne BPDU Filter. In aka sa shi kai tsaye a ƙofa yakan hana ta aika wasiƙa ko sauraronta, watau an kashe tsarin bishiya a wannan ƙofa ke nan. Sunansa ya yi kusa da na mai gadin wasiƙa, aikinsu kuwa hannun riga ne.

8.0 Darasi daga wani asibiti

Kada a zaci wannan matsala ta ƙananan wurare ce kawai. A watan Nuwamba na 2002 sadarwar asibitin Beth Israel Deaconess da ke birnin Boston na Amurka ta durƙushe har kusan kwana 4, likitoci suka koma rubuta umarnin magani da sakamakon gwaji a takarda, ana kai su da ƙafa. Bincike ya nuna cewa an yi shekaru ana ƙara mararraba a kan mararraba ba tare da sake duba tsari ba, har nisan wasu sassa ya zarce zango 7, wanda shi ne faɗin da aka gina lokutan jiran tsohon salo a kansa. Da wani aiki mai nauyi ya cika wayoyi sai bishiyar ta kasa tsayawa. Asibitin da kansa ya bayyana wa duniya abin da ya faru don wasu su ɗauki darasi.

Darasin ya shafi kowace makaranta tamu da ke faɗaɗa ɗakin kwamfutarta kaɗan-kaɗan gwargwadon kuɗin da ya samu. Bana a sayo mararraba a jona a jikin ta bara, baɗi a jona wata a jikin ta bana, har a yi jerin gwano ba wanda ya taɓa zana taswirarsa.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa wayar ajiya wajibi ce, kuma ita ce ke ƙulla zoben da ke kashe sadarwa, sai in an dasa bishiya a kanta. Mun kuma ga cewa ko da yake na'urori na iya yin zaɓensu da kansu, zaɓen da ba a shirya ba kan ɗora wanda bai cancanta ba. Abin da ake bukata ga mai kula da ɗaki shi ne ya zana taswirar wayoyinsa a takarda, ya naɗa tushe da mataimakiya, ya sa dukkan mararrabu a salo ɗaya da ma'auni ɗaya, ya ayyana ƙofofin kwamfuta a matsayin na gefe tare da mai gadin wasiƙa, ya kuma rufe duk ƙofar da ba a amfani da ita. Bayan haka sai gwaji: ranar da ba kowa a ɗaki ya zare waya ɗaya da gangan, ya duba agogo, ya ga ko ƙofar da ya yi hasashe ce ta buɗe, kuma cikin sakan nawa. Gara ya gano kuskurensa a ranar da kujeru ke wofi da ya gano shi ɗalibin Damari na zaune yana kallon allo.

Dangane da manufa ta biyu, mun gwada kalmomi irin su mararraba, zobe, shela, tushe, wakiliya, ko-ta-kwana da ƙofar gefe, kuma sun ɗauki bayanin har ƙarshe ba tare da sun gaza ba. Wasu, kamar BPDU da MAC, mun bar su yadda suke domin haka mai aiki zai tarar da su a jikin na'ura. Muna fata wani daga cikin 'yan'uwa zai ɗauki waɗannan kalmomi ya kai su wurin masu sana'ar a Funtuwa ko Zariya ko Kano, ya ji waɗanda suka zauna a bakinsu da waɗanda suka ƙi, ya kawo mana sakamakon a fitowa ta gaba.